Iskar da Ta Shiga Motar Ba Modu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Gwange, Yerwa.

Zuwa ga ɗana Baba Gana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiyar jiki da sanyin zuciya, Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe. Ka gaishe mini da kawunka da mutanen gidansa na Ajilari, ka ce na gode da masaukin da suka ba ka.

Innarka ta gaya mini jirgin ƙasan Asabar za ka bi zuwa Kaduna, wai ka sami gurbi a wani gareji. A bakinta na ji, ba a bakinka ba, domin tun ranar da abin nan ya faru a tasha ba ka sake taka ƙofar gidan nan ba. Ban ga laifinka ba. Amma ba na so ka hau jirgin nan ba mu yi sallama ba, kuma ba na so ka tafi kana ganin hannunka bai iya aikin gilashi ba alhali ya iya. Abin da ya sa na ajiye burushi na ɗauki alƙalami ke nan. Ka san ni, in na buɗe baki faɗa ke riga magana fita, shi kuwa alƙalami ba ya ɗaga murya. Ka daure ka karanta har ƙarshe, ko da kana tsaki.

Ni dai da fenti na baro Kano, da fenti kuma na zauna a tashar Yerwa, ina rubuta wa motoci "Sai Haƙuri" a goshi, ina zana musu zaki da dawisu a bodi. Kai a lokacin ko wando bai dame ka ba. Rannan sai ga Ba Modu direba, wannan dai da ka sani, sa'ad da yake jan tsohuwar motarsa mai bodin katako a hanyar Dikwa. Ya zo da wani abu a naɗe a hammata, ya ce, "Habu, rana za ta cinye mini ido. Da safe in na tafi tana gabana, da yamma in na juyo tana gabana, kamar ni kaɗai aka aiko ta ta bi. Ga wannan na samo a kantin wani Kwara, Balaraben nan mai fatauci. An ce direbobin Jos suna manna ta a saman gilashi. Ka iya?"

Na warware. Wata takarda ce koriya, shara-shara, ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Na ɗaga ta na leƙa ta cikinta, sai ga tasha duka ta rikiɗe: akuya koriya, mai ƙosai koriya, Ba Modu da gemunsa kore shar. Tabɗijam! Na daɗe ina juya ta, na shinshina, har na ɗan lashi gefenta in ji ko da me aka yi ta. Tun da nake ban taɓa ganin irinta ba. Amma da ya sake cewa "Ka iya?" sai bakin Bakano ya riga hankalinsa. Na ce, "Haba Ba Modu, wannan ai wasan yara ne."

Na sha wuyar wannan wasan yaran. Ban ma san da me ake manna ta ba. Na dama sitaci na shafa, ya bushe fari fat, direba ba zai ga ko raƙumi ta ciki ba. Na wanke. Na jiƙa sukari a ruwa, ya kama kuwa, na yi ta murna, kafin la'asar tururuwa sun yi layi daga taya har gilashi, ƙudaje na mara musu baya. Da innarka ta ga na dawo gida ina huci sai ta ce, "Mutumin Kano, kana zaune a ƙasar ƙaro kana neman danƙo?" Ta jiƙa mini ƙaro, ta tace da farin ƙyalle, ya fito garau. Shi ne ya yi. Da na tambaye ta tun farko, ko na koma na tambayi mai kantin, da ban ɓata rabin takardar mutum ba. Saboda haka in ka je Kaduna aka miƙo maka abin da ba ka taɓa gani ba, ka ce ba ka taɓa gani ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma ban taɓa jin an kori mutum daga gareji don ya ce a nuna masa ba.

Da na sami ƙaro sai na ɓullo da sabon shirme. Na shafe gilashi, na ɗora takarda, na bi gefunanta duka na danne su tsaf, don ina tsoron kada ta zame. Na ja da baya in yaba aikina, sai na ga tsakiyarta duk ta yi bororo, kamar bayan wanda ruwan zafi ya zubo wa. Na sa babban yatsa na danna ɗaya, ya sulale ya koma gefe. Na bi shi, ya haɗu da wani suka zama babba. Wallahi sai na manta da ɓacin rai na tsaya ina wasa da su. Ta ina suka shiga? Gilashi a shafe yake, takarda a shafe take, ban ga komai a tsakaninsu ba sa'ad da na haɗa su. Ashe wurin da muke cewa ba komai, akwai abu a cikinsa. Ina nan ina wannan tunani ƙaro ya bushe, kowane bororo ya kafe a inda yake.

Daga baya na gane ni na kulle su da hannuna. Wanda ya rufe ƙofa ya sa sakata ba shi da bakin cewa baƙo ya ƙi tafiya. Daga tsakiya ake farawa, a sa guntun robar taya da aka gyara wa baki ya miƙe, a riƙa kora zuwa gefe a hankali, kowane ja ya ɗan hau kan na baya. Gefe shi ne ƙarshen abin da za ka danne. Na san ka san wannan, a hannuna ka gani, amma ban taɓa gaya maka irin kunyar da na sha kafin in sani ba.

Kunyar kuwa tana gaba. Washegari Ba Modu ya kawo mota layin lodi da bororonta a goshi, don ba lokacin sakewa. Fasinja suka fara shiga. Akwai wata dattijuwa mai fataucin bandar kifi, ana ce mata Ya Kaka, kullum ita ke zama gaba kusa da direba saboda ciwon ƙafa. Ta zauna, ta ɗaga kai, ta ga abubuwa zuru-zuru suna kallonta daga saman gilashi. Ta leƙo ta taga ta ce, "Wushe, mai fenti. Waɗannan idanun fa na mene ne?"

Ni kuwa ina goge hannu, ko ɗagowa ban yi ba, na ce, "Iska ce, Ya Kaka. Jiya ta shiga, na yi na yi ta ƙi fita."

Ta ce, "Iska?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa. In na danne ta nan sai ta ɓullo can. Ba ma ɗaya ba ce, suna da yawa."

Baba Gana, ban taɓa ganin mai ciwon ƙafa ta sauka daga mota da irin wannan sauri ba. Tana a'uziyya tana kiran a sauko mata da kwandonta. Ni iskar da muke shaƙa nake nufi, ita kuwa iskar mutanen ɓoye ta ji. Hausarta ta kasuwa ce, kuma a kasuwa ba ka jin an ce iska ta shiga ta ƙi fita sai a kan mutumin da za a kai gidan mai magani. Kafin in gane abin da na faɗa ta juya wa matan baya maganar da Barbarci, su kuma suka ƙara mata gishiri. Mota ta watse kamar an ce gobara. Kafin azahar an ce idanun suna ƙiftawa. Kafin la'asar an sami wanda ya rantse ya ji sun kira sunansa.

Abin dariya ne yanzu, amma a lokacin ba wanda ya yi dariya. Motar nan ita ce abincin gidan Ba Modu, ga ta tsaye a rana kwana da kwanaki ba mai shiga, har 'yan kamasho kewaye ta suke yi. Ya same ni ido jawur, ya ce, "Habu, rana na ce ka tare mini, sai ka tare mini fasinja?" Na bi mutane ina bayani, ina hura kumatu ina nuna musu irin iskar da nake nufi. Wa zai saurare ni? Magana zarar bunu ce. Ƙarshe dai Ba Modu ya ɗauko wani malami daga unguwarsu, aka kawo kasko aka zuba turare, malam yana karatu yana zagaya mota. Ni kuma sai na tuna yadda innarka take fasa mini bororon ƙuna. Na shiga gaban mota da allura, na huda ɗaya ta gefe, na ɗiga masa ruwan ƙaro da bakin gashin kaza, na danna. Ya yi fus, ya kwanta luf. Allahu Akbar! Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙi na washewa mutane suka matso, suka ga idanu sun rufe.

Aka yi ta yi wa malam godiya. Na bar masa godiyar, kuma har yau ban ga an zalunce ni ba. Ni na fitar da ta gilashi, shi ya fitar da ta zukata, kuma tasa ta fi wuyar fita. Ya Kaka ce ta fara komawa mazauninta. Sai dai wasu sun ga allurar, shi ya sa aka daɗe ana ce mini Habu mai cire iska, har wata mata ta taɓa jawo mini mijinta wai ya daina magana da kowa, in duba shi. Tun daga ranar ban sake cewa iska a gaban fasinja ba, bororo nake cewa. Kai ma inda za ka akwai masu Hausa iri-iri, wani a nono ya sha ta, wani a kasuwa ya tsince ta. Kafin ka saki kalma ka dubi kunnen da za ta faɗa. In kana bayani kuma ka ɗago kai ka kalli mutum, don da na ɗago, da na ga fuskar Ya Kaka tun a iskar farko.

Da allura ta yi mini rana sau ɗaya sai na ɗauka maganin kowane bororo ke nan. Na shiga huda kamar wanzami. Wata rana ina aiki a gindin darbejiyar nan ta bakin tasha, lokacin tana fure, na gama na ga wani ɗan ƙarami ya ƙi kwanciya. Na huda, yana nan. Na sake, yana nan. Zuciya ta ɗebe ni na yi ta caka masa allura har takardar ta yage. Da na ɓare sai na ga ɗan ɓarɓashin fure ne, bai kai ƙwayar gero ba, ya faɗo cikin ƙaro ya yi zamansa, takarda ta yi masa rumfa. Na ɗora shi a farce ina kallo, ina mamakin yadda abu kamar wannan zai tayar wa babban mutum da hankali. Daga nan na koyi duba bororo a karkace, ta gefen haske. In ka ga ɗigo a tsakiyarsa datti ne, allura ba ta yi masa komai, sai dai ka ɗaga takarda tun da danshi ka ɗauke shi da bakin reza. Maganinsa na gaskiya kuwa tun kafin a fara ne: a kankare gilashi har ka daina jin ƙaras-ƙaras, a wanke, a sake wankewa, a bar gindin itace komai daɗin inuwarsa. Ka kula da jikinka ma, don na taɓa manne gashin gemuna a motar wani alhaji, yana can yana yawo da shi har ƙasar Chadi.

Iri biyu ke nan na sani, na iska da na datti, kuma dukansu in ka bari ƙaro ya bushe a kansu ba mai tafiya don kansa, sai dai allura ko ɓarewa. Shi ya sa na kafa dokar nan da ka gaji da ji a bakina, cewa bororon da ya kwana ya zama ɗan gida. Shekara da shekaru ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Sai ga wannan baƙar ledar ta bana, mai zuwa da danƙonta a jiki, wadda ba ta son ƙaro sai ruwan sabulu. Kai ka fara kawo labarinta, kai ka je ka tsaya a kan makaniken nan mutumin Jos ka ga yadda yake yi. Ni ko kallo ba ta ishe ni ba, na ce takarda takarda ce. Da Ba Modu ya sayi kiya-kiyarsa ya ce a rufe masa tagogin gefe saboda fasinja na kukan rana, na ce ka yi, ni ina da rubutu a wata mota. Ka yini a kai. Washegari da safe mota tana layi na zo dubawa, na ga tagogi sun yi dusu-dusu, ga bororo fal, manya da ƙanana, kuma sun kwana. Wallahi ba aikinka na gani ba a wannan lokaci, Ya Kaka na gani tana sauka da kwandonta.

Ka ce mini, a hankali ma ka faɗa, "Baba, ruwa ne. A bar shi ya sha rana."

Na ce, "Ruwa? Ni za ka koya wa bororo? Tun ba ka san hannun damanka ba nake kashe su."

Ka ce, "Baba, wannan ba irin waccan ba ce."

Sai na sa farce na kama kusurwa na ja. Ka ji ƙarar da ta yi, ni ma har yanzu ina jin ta. Na bi taga bayan taga ina ɓarewa ina jefarwa, gaban 'yan kamasho, gaban masu shayi, gaban abokanka, ina faɗin maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Ka ajiye robarka a kan benci, ka wanke hannu a sauran ruwan sabulun, ka tafi. Taga ɗaya ce ta tsira, 'yar ƙaramar nan ta can baya, don an riga an jingina mata buhunan shinkafar Zabarmari, Ba Modu kuma yana ta danna oda.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya tsaya a gaban rumfata. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, "Habu, taso ka ga wani abu." Ya zagaya da ni baya. Baba Gana, tagar nan ta kwanta, baƙa wuluk, sumul, kamar a haka aka ƙera gilashin. Ba bororo ko ɗaya. Na shafa ta ciki, na shafa ta waje. Na karkata ina neman ramin allura, na ce ko shi ya huda. Ya ce, "Ni da allura? Rana ce kawai, ta zuwa da ta dawowa." Sa'an nan ya ce, "Yaron ya gaya maka." Sau ɗaya ya faɗa bai ƙara ba, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye maka ba. Na ji zafin abin da na yi maka har cikin ƙashina. Amma ka san halin ubanka, kunyar ba ta gama zama ba tambaya ta hau kanta. Ina ruwan ya tafi? Gaba gilashi, baya leda, gefe a manne. Ta ina?

Na ɗauko ragowar ledar da ka bari na yanka ƙanana. Na manna su a ɓallin gilashin mota da ruwan sabulu, na bar bororo da gangan. Na ɗauki tozalin innarka na zagaye kowanne ta bayan gilashi don in san girmansa. Ɓalli ɗaya na ɗora a kan katanga cikin rana, ɗaya na tura ƙarƙashin gado. Da gilashi ya ƙare mini sai na manna sauran a madubinta. Ta shigo ta gani ta ce, "La ilaha illallahu! Ka kori ɗana, yanzu kuma fuskata za ka kora?" Na ce bincike nake yi. Ta ce, "Da ka yi binciken kafin ka sa farce."

Kullum kafin in karya kumallo sai na je na duba. Na kan katanga, bororo yana ja da baya daga zanen tozali, yau kaɗan gobe kaɗan, har zanen ya zama zobe ba kowa a ciki. Na ƙarƙashin gado shi ma yana tafiya, amma tafiyar hawainiya. Akwai wasu da suka ƙi motsi ko a rana, na huda su suka yi fus, ashe su na iska ne. To ka ga iri uku ke nan, ni kuwa na tsufa a kan biyu. Yanzu har na fara rarrabe su da ido. Na iska fari ne, bakinsa a yanke, in ka danna sai ya turo yatsanka. Na ruwa dusu-dusu ne, ba ka ganin iyakarsa sosai, in ka danna sai ya bi yatsa a kasalance. Shi ba ya son allura, ba ya son roba, ba ya son farcen tsoho mai zuciya. Rana yake so, da a ƙyale shi.

Amma ta inda yake fita, har yau ban gano ba, kuma abin ya hana ni sakat. Na kifa tambulan a kan wani bororo cikin rana ko zan ga raɓa ta taru. Na ga kamar ɗan gumi, amma ban sani ba ko nasa ne ko na hannuna. Na bi gefunan wata leda da fenti don in toshe masa hanya, duk da haka ya tafi. Ke nan ta jikin ledar yake fita? Ledar da in ka ƙulla ruwa a cikinta ba ya ɗiga? Ko tana da ƙofofi ne irin na randa, waɗanda ido ba ya gani amma ruwa na tsattsafowa? Na tambayi Ba Modu, ya ce shi direba ne. Don Allah in ka je Kaduna ka tambayi waɗanda suka sani ka rubuto mini. Ko fushi kake da ni, ka rubuto wannan ɗaya.

Abin da nake so ka ɗauka a nan ya fi duk na baya tsada a wurina. Dokar da ta daɗe tana yi maka aiki, ranar da kaya suka sake ka sake duba ta. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, amma ba a gaya mana cewa babba in ya daɗe yana kallon wuri ɗaya wuyansa yana ƙagewa ba. Wata rana kai ma za ka zama maigida da masu koyo a hannunka. In ɗayansu ya ce maka a bar shi ya sha rana, ka ba shi ranar. Ɓarewa ba ta guduwa, in bai kwanta ba gobe ma farcenka yana nan. In kuma gyara ya kama, ka ja shi bayan mota ku biyu. Na san abin da na yage a gaban mutane ba leda kaɗai ba ce.

An ce daminar Kaduna tana da tsawo, rana tana ɓuya, to ledarka za ta daɗe ba ta washe ba. Ka gaya wa mai mota tun bai tambaya ba cewa zai ga dusu-dusu, kada ya sauke gilashi, kada ya bari yara su danna. Mutum in an gaya masa tun farko haƙuri yake yi, in ya gani da kansa faɗa yake yi. Ka riƙe sallarka a kan lokaci. Ka ci abinci kafin ka kama reza, don hannun mai yunwa rawa yake.

Yanzu ga maganar da ta sa na yi duk wannan dogon zagaye. Ba Modu ya sayo sabuwar leda. Na ce ya kawo in manna masa, ai yanzu na gane kanta. Ya dube ni ya ce, "A'a, Habu. Mai tagar baya nake so." A gaban mutane ya faɗa, kuma ban ji haushi ba. Wallahi daɗi na ji, har na juya baya don kada su ga idona. Ya ce ranar Juma'a ba zai yi lodi ba, zai ajiye motar a rumfata tun safe. Jiya da ya sauke fasinja na kankare tagogin, na cire duk sauran danƙon da ɓarnata ta bari. Robarka tana wurina. Ledar kuwa ban yanka ba, ko warware ta ban yi ba.

In ka zo, kai ne mai aiki. Ni zan riƙe maka kwanon ruwa, in miƙo reza in ka ce, in ja bakina in yi shiru ko da shirun zai kwantar da ni. Waɗanda suka ga na ɓare, su za su ga na riƙe kwano. In kuwa zuciyarka ba ta sauko ba, ba zan ce ka yi laifi ba, ba kuma zan sa kawunka ya matsa maka ba. Motar za ta koma hanya da tagoginta a haka, fasinja su yi ta shan rana har ranar da ka dawo, don na gaya wa Ba Modu hannuna ba zai taɓa su ba, shi ma ya yarda.

Ni ne mai neman yafiya, ɗana, ga shi na nema da hannuna a rubuce. Ko ka zo ko ba ka zo ba, Allah Ya kai ka Kaduna lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa albarka a yatsunka, Ya haɗa ka da maigidan da ya fi ubanka haƙuri. Innarka tana gaishe ka. Ta ƙulla maka guzuri, amma ta ce ba za ta aika Ajilari ba, mai kaya ya zo ya ɗauka.

Ina rumfa ranar Juma'a tun hantsi. In muka fara da wuri, kafin a kira salla ka gama, mu tafi masallaci tare.

Wassalam.

Mahaifinka,
Habu mai fenti.